Yadda za ka zaɓi tab mai sauƙin kuɗi da za ka riƙa karatu da ita

Duk wanda yake son ya sayi tab don karatu, tun kafin ya taka ƙafa zuwa kasuwar waya ta Farm Centre ko titin Bairut a Kano ko ya buɗe Jumia yana duba farashi, abu na farko da ya kamata ya yi shi ne ya buɗe wayarsa ya duba wane irin littattafai ne ma a cikinta. Wannan tambayar ce take raba gardama, amma kuma ita ce mai shago ba zai taɓa yi maka ba, shi dai zai ce maka ram takwas ce, kyamara gaba da baya, tana cin sim, ya kuma rantse maka babu irinta a layin nan gaba ɗaya. Ba laifinsa ba ne, ciniki yake nema. Amma kai da karatu za ka yi ina ruwanka da kyamara, abin da idonka zai zauna a kai awa biyu awa uku shi ne sikirin, kuma sikirin ɗin da ya dace da kai ya danganta ne da irin fayilolin da kake buɗewa.

Littattafan da muke karantawa a waya kusan kala biyu ne. Akwai waɗanda rubutunsu yake bin girman sikirin, wato idan ka ƙara girman haruffa sai layukan su sake jeruwa da kansu su cika shafin, irin su EPUB da fayil ɗin Word da txt, da labaran Wattpad, da nobel-nobel ɗin da ake turawa a guruf na WhatsApp da Telegram. Sannan akwai PDF, shi kuma shafinsa a kafe yake, yadda aka tsara shi haka zai fito, ko sikirin ɗinka ƙarami ne ko babba bai san wannan ba. Handawut na makaranta, littattafan kwas na NOUN, jami'ar karatu daga gida, da ake saukewa kyauta a shafinsu, tambayoyin jarrabawar baya, da littattafan addini na Larabci da aka yi wa sikan, irin bugun Misra ɗin nan mai matani a tsakiya sharhi a gefe da ƙananan haruffa, duk PDF ne.

Toh idan yawancin karatunki 'yar'uwa nobel ne, tab mai inci 8 zuwa 9 ta ishe ki, har ma ta fi babba daɗi, saboda za ki iya riƙe ta da hannu ɗaya kina kwance, ta shiga jaka ba tare da rigima ba. Amma idan kai ɗalibi ne ko malami kuma PDF ne ya cika maka waya, kada ka sauka ƙasa da inci 10, kuma ga dalili. Takardar A4 da ake tsara yawancin handawut a kanta faɗinta santimita 21 ne tsawonta 29.7, idan ka auna daga kusurwa zuwa kusurwa yadda ake auna sikirin za ka samu inci 14 da 'yan kai. Ka ga kenan ko tab mai inci 11 ma rage shafin take yi, balle mai inci 7 da za ta mayar da shi wajen rabi, sai ka koma kana zum kana ja dama kana ja hagu a kowane layi, kamar mai leƙen ɗaki ta kafar makulli. Minti ashirin ka gaji ka ajiye, daga nan tab ta zama ta yara ta kallon katun.

Bayan girma sai kaifin rubutu, kuma a nan ne ake yawan cutar mutane saboda kowa inci yake tambaya ba ya tambayar yawan ɗigon da ke cikin incin. A jikin kwali za ka ga lamba irin 1280x800 ko 1920x1200, wannan shi ne yawan ɗige-ɗigen hasken da suke haɗuwa su ba da hoto. Idan aka raba su a kan girman sikirin sai a samu abin da ake kira ppi, wato ɗige nawa ne a inci ɗaya, kuma iya yawansa iya yadda harafi zai fito sumul. Mai inci 10.1 da 1280x800 tana ba da wajen 149 ne kawai, a bidiyo ba za ka lura ba amma a ƙananan rubutu, musamman Larabci mai wasali, za ka ga bakin haruffan yana zaƙo-zaƙo, fatha da kisra suna neman haɗewa da layi. Mai inci 8.7 da 1340x800 tana ba da wajen 179, ba laifi ga nobel tunda za ka iya ƙara girman harafi. Mai inci 11 da 1920x1200 wajen 206, mai inci 10.1 da wannan lambar kuma 224. Kindle na yanzu, na'urar karatun littafi ta kamfanin Amazon, 300 yake bayarwa, shi ya sa rubutunsa yake kama da na takarda. Ni shawarata a nan ba ta da kwana-kwana, in dai babba za ka saya to ka nemi 1920x1200 ko sama, idan kuɗin bai kai ba gara ka ɗauki ƙarama mai kyau da ka ɗauki ƙatuwa mai 1280x800 don kawai a ce kana da babbar tab.

Yanzu bari mu zo kan sunaye, tunda na san shi mutane suke jira. Ba zan sa farashin naira ba, wanda aka rubuta yau zuwa wata mai zuwa ya zama tarihi.

A ɓangaren ƙanana akwai Samsung Galaxy Tab A9 da ta fito a 2023, inci 8.7, 1340x800, batir 5100mAh, nauyinta wajen giram 330, injinta Helio G99 wanda ya fi ƙarfin buɗe littafi nesa ba kusa ba, kuma akwai mai cin sim akwai mara ci. Yayarta Tab A7 Lite ta 2021 girmansu ɗaya sikirin ɗinsu ɗaya, har yanzu tana yawo a kasuwa kuma ta fi araha, sai dai injinta yana da nawa, PDF mai nauyi yana sa ta tunani kafin ta juya shafi. Sai Lenovo Tab M9, inci 9, ita ma 1340x800 da batir 5100mAh, kuma Lenovo sun sa mata wani yanayi na karatu da yake dusashe kalar sikirin ya yi kama da takarda. Redmi ma suna da Pad SE mai inci 8.7 ta 2024, batirinta ya fi na waɗancan girma, 6650mAh. Gaskiya tsakanin waɗannan huɗun bambancin bai kai a yi ta dogon tunani ba tunda sikirin ɗin kusan iri ɗaya ne, wadda ka samu sabuwa da rasit da farashi mai kyau ka ɗauka, A7 Lite ɗin ce kawai zan ce sai idan rarar kuɗin tana da yawa.

A manya kuma akwai Galaxy Tab A9+ mai inci 11 da 1920x1200 da batir 7040mAh, akwai Redmi Pad SE mai inci 11 ita ma 1920x1200 da batir 8000mAh, sai Infinix Xpad ta 2024, inci 11, 1920x1200, batir 7000mAh. Ka lura da nauyi fa, waɗannan kowacce ta doshi rabin kilo, A9+ giram 480 ce, ba abin riƙewa da hannu ɗaya a kwance ba ne, idan barci ya ɗauke ka ta faɗo maka a hanci za ka gane. Na tebur ne ko na ɗorawa a cinya. Abin da Infinix da Tecno da itel suka fi sauran a wajenmu shi ne gyara, dukkansu 'yan gida ɗaya ne, kamfanin Transsion, kuma Carlcare da ke yi musu gyara da waranti suna da ofisoshi a manyan garuruwa, sannan masu gyaran waya na kasuwa sun saba da kayansu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin abin da ya fi kashe tab fashewar sikirin ne, kuma akwai tab ɗin da idan sikirin ɗinta ya fashe shikenan sai dai a ajiye a kan durowa. Amma ko a gidan nasu ka duba lambar kwali, itel Pad One misali inci 10.1 ce da 1280x800, wato ajin 149 ɗin nan da na ce a yi hattara idan ƙananan rubutu za a karanta.

Sai Amazon Fire, wadda ya kamata a ɗan tsaya a kanta saboda farashinta yana ruɗar mutane. Tun 2011 da Amazon suka fito da Kindle Fire ta farko a kan dala 199 dabararsu ɗaya ce, su sayar maka da na'urar da araha don ka riƙa sayen littafi da fim a shagonsu. Fire 7 ta 2022 ta fito a kan wajen dala 60, Fire HD 8 wajen dala 100, Fire HD 10 ta 2023 wajen dala 140, kuma wannan farashin na masu nuna talla ne a fuskar sikirin idan an kulle. Fire 7 ɗin 1024x600 ce da ram 2, ni ban ga dalilin da babba zai saye ta don karatu ba. HD 10 ɗin kuwa sikirin ɗinta 1920x1200 ne a inci 10.1, wato 224, a wannan kuɗin da wuya ka samu mai kaifinta. Matsalar ita ce babu Play Store a ciki. Manhajar da ke tafiyar da ita, Fire OS, daga Android aka gina ta amma Amazon sun cire kayan Google sun sa nasu shagon, kuma shagon nasu bai da yawancin abubuwan da muka saba da su, ba Chrome, ba Gmail, ba YouTube na asali. Ana iya sa Play Store da hannu, fayiloli huɗu ake saukewa a sa su bi da bi, duk mai gyaran waya da ya san aikinsa zai yi maka, amma ka san cewa dabara ce aka yi ba haka ta zo ba, wani lokacin idan ta sabunta kanta wani abu ya rikice sai an sake. Sannan ba ta cin sim sam, kuma waɗanda ke kasuwanninmu 'yan kasuwa ne suka shigo da su, babu wani ofis da za ka kai ƙara idan ta samu matsala. Idan kai mai son taɓe-taɓen na'ura ne HD 10 ciniki ne mai kyau. Idan Baba za ka saya wa ya riƙa muraja'a, ka bar ta, ka saya masa Android ta gaskiya.

Wasu za su ce to me zai hana a sayi Kindle kawai. Kindle ba tab ba ce, sikirin ɗinta E Ink ne, wasu 'yan ƙananan ƙwayoyi ne baƙaƙe da farare suke juyawa su zana harafi, kuma ba ta jan wuta sosai sai lokacin juya shafi, shi ya sa caji ɗaya yake yin makonni, wanda a yanayin wutar nepa ɗinmu ba abin rainawa ba ne. A cikin rana tsaka ma ana karanta ta tas, inda tab kuwa sai dai ka ga fuskarka. Ƙaramar ta 2022 inci 6 ce, nauyinta giram 158 kacal. Ga mai karanta dogon labari babu kamarta. Amma ba WhatsApp, ba Telegram, duk littafin da aka turo a guruf sai ka bi da shi ta kwamfuta da igiya ko ta hanyar Send to Kindle, wadda tun 2022 take karɓar EPUB, kuma PDF mai girman A4 a inci 6 azaba ce tsantsa. Akwai irin su Boox da suka haɗa E Ink da Android har da Play Store, sai dai kuɗinsu ya fita daga maganar araha. Yawancinmu na'ura ɗaya za mu iya saya, kuma ita za a yi darasin Zoom da ita a kalli wa'azi a YouTube, shi ya sa maganar take komawa kan tab.

Kayan tokumbo kuma fa? Akwai alheri a ciki akwai kuka. Tsohuwar iPad tana da wani abu da masu PDF ya kamata su sani, sikirin ɗinta ya fi faɗi, tsarin 4:3 ne, wanda ya fi kusa da siffar takarda a kan 16:10 na yawancin Android, don haka shafi yana cika fuskar ba a bar fili sama da ƙasa ba. Kuma daga iPad mini 2 ta 2013 har zuwa mini 5 ta 2019 ƙananansu suna da 2048x1536 a inci 7.9, ppi 326 kenan, ya fi na Kindle ma. Amma mini ta farko 163 ce kuma ta tsaya a iOS 9, mini 2 ta tsaya a iOS 12, sababbin manhajoji da yawa ba za su hau ba, ba ta cin mimori kad, batirin kuma ya sha shekaru. Babban abin tsoro shi ne makullin iCloud, idan mai ita na farko bai cire akawun ɗinsa ba to ka sayi faranti, don haka a goge ta a gabanka a sake kunnawa ka sa naka akawun kafin kuɗi ya bar hannunka. Haka ma Android ta hannu, a yi mata riset a gabanka ka tabbata ba ta tambayi imel ɗin wani ba. Kuma ka shiga setin ka duba lambar Android ɗin, masu 4.4 ɗin nan Google sun daina kula su tun 2023, WhatsApp ma ba ya hawa ƙasa da 5. Ni dai ba zan ba da kuɗi a kan abin da ke ƙasa da Android 11 ba a yanzu.

Maganar ram da ma'ajiya ba ta da tsawo. Ram giga 4 ta isa, 3 za a lallaɓa, 2 za ta ba ka haushi ranar da ka buɗe littafin sikan mai shafi ɗari takwas. Idan ka ga an rubuta 4+4 a kwali, huɗu ce ta gaskiya, sauran huɗun aro ne daga ma'ajiya kuma ba ta da saurin ta asali, kar a caje ka kuɗin takwas. Ma'ajiya giga 64 ta wadatar, 32 kuwa manhajar tab ɗin kanta za ta cinye kusan kashi ɗaya cikin uku kafin ka sa komai. Nobel a EPUB da ƙyar yake wuce mega ɗaya ko biyu, dubbai za su shiga, masu cin wuri su ne littattafan sikan da karatun Alƙur'ani na sauti da bidiyo, su kuma mimori kad yana maganinsu, don haka ka tabbata akwai ramin sa shi.

Amma akwai wasu tab marasa suna, ko masu sunan da ba ka taɓa ji ba, kwali mai ƙyalli an rubuta ram 12 ma'ajiya 512 har da kyautar kibod da biro da abin kunne, a farashin da bai kai na A7 Lite ba. Araha ba ta ado jama'a. Irin waɗannan ana iya shirya su yadda ko ka shiga setin ƙaryar za su nuna maka, wani lokacin har manhajojin bincike irin su CPU-Z da AIDA64 suna ruɗuwa. Sikirin ɗinsu kuma shi ne mafi muni, ka ɗan karkata ta kaɗan kala ta juye rubutu ya dusashe. Hanya mai sauƙi ta kama su, ka buɗe Play Store ka shiga setin ɗinsa ka gangara ƙasa wajen bayani, akwai layin da yake faɗa ko Google sun tantance na'urar ko ba su tantance ba. Idan ba a tantance ba ka ajiye musu abinsu.

Sim ko waifai kawai? Mai sim ta fi tsada kuma ta fi shan batir. Littafi sau ɗaya ake sauke shi, bayan nan ba ya buƙatar data, kuma wayarka tana iya ba ta intanet ta hosfot ko ka tura fayil ta Xender ko Bluetooth. Har ma wata fa'ida ce, tab ɗin da ba ta da layi ba mai kiranka a kai, saƙon guruf ba ya faɗowa kana tsakiyar shafi. Wanda zai biya kuɗin sim shi ne wanda tab ɗin ce za ta zama komai nasa, ko za a ba wani dattijo da ba zai iya rigimar haɗa hosfot kullum ba.

Ranar sayen, ka tafi da littattafanka a waya ko a mimori kad, guda uku sun isa: PDF mafi nauyi kuma mafi ƙananan rubutu da kake da shi, nobel ɗaya na Hausa mai ƙ da ɗ da ɓ, da shafi ɗaya na Larabci mai wasali idan kana karanta shi. Ka ce wa mai shago, Alhaji don Allah a buɗe in gwada, idan sabuwa ce a like ba za a yage ba to a ba ka ta nuni irinta. Ka buɗe PDF ɗin ka ga ko za ka iya karanta cikakken shafi ba tare da zum ba, ka juya shafi ashirin da sauri ka ga ko tana biyo ka ko sai fari ya fara fitowa kafin rubutu. Sannan ka yi abin da kusan ba wanda yake yi, ka rage hasken har ƙarshe ka rufa mata hannu ko ka sa ta cikin riga ka leƙa. Kowa ƙarfin haske yake dubawa, alhali mai karatun dare ƙarancinsa yake buƙata, akwai tab ɗin da ko an kai ta ƙarshe tana haska ɗaki kamar tocila, ido ya yi ta ruwa, wanda kuke ɗaki ɗaya ya yi ta tsaki. Daga nan ka ƙure hasken ka fita bakin shago ka ga yadda take a waje. Ka buɗe farin shafi fes ka duba ko akwai ɗigon baƙi ko wani gefe da ya yi rawaya, ka ja yatsa a kowace kusurwa ka tabbata tana ji, ka sa caja ka ɗan girgiza igiyar ka ga ko cajin yana yankewa. Bakin cajin ya zama USB-C, irin na wayoyin yanzu, don caja ɗaya ta yi muku. Idan ta hannu ce ka kwantar da ita a kan gilashin shagon ka duba ko bayanta ya kumbura ko sikirin ya ɗaga daga gefe, alamar batir ya kumbura kenan, ko kyauta aka ba ka sai ka yi tunani. A Samsung mai sim kana iya danna *#0*# a wajen kira, zai buɗe maka shafin gwajin kala da taɓawa. Ka karɓi rasit mai lambar na'urar a jiki, kuma ku yi magana a fili kwana nawa ne za a iya dawo da ita.

Idan ka kawo ta gida sauran aiki na manhaja ne, kuma rabin daɗin karatun a nan yake. ReadEra kyauta ce ba talla, tana buɗe PDF da EPUB da Word da txt, tana tattaro duk littattafan da ke cikin tab ɗin da kanta ta kuma tuna shafin da ka tsaya, ita nake fara ba kowa shawara. Moon+ Reader ta fi ta yawan gyare-gyare ga mai son ya zaɓi salon harafi da tazarar layi da kalar shafi. Librera da KOReader suna da abin da masu PDF za su so, suna yanke farin gefen shafi su bar rubutun kawai, wannan kaɗai yana sa tab mai inci 10 ta yi kamar ta ƙara girma, idan kuma ka kwantar da ita a gicciye sai ka karanta rabin shafi rabin shafi da manyan haruffa. Mai son ja layi da rubutu a gefen handawut ya nemi Xodo. Ɗaliban ilimi kuma akwai Shamela a Android, littattafan cikinta rubutu ne ba hoto ba don haka ana iya bincika kalma a ƙara girman harafi, sannan wajen Mus'hafi ka duba ruwayar kafin ka sauke, yawancin manhajojin da Hafs suke zuwa, wanda ya taso da Warsh sai ya nemi mai shi musamman. Idan ka buɗe littafin Hausa ka ga ƙ ko ɗ ta fito da wata siffa daban ko ta zama ɗan akwati, ba tab ɗin ce ta lalace ba, salon harafin ne ba shi da su, ka canza zuwa Noto ko wani a cikin setin ɗin manhajar.

Don ido, ka mayar da bayan shafi ruwan ƙasa-ƙasa maimakon fari tas, ka kunna yanayin dare da yake rage shuɗin haske bayan magariba, ka daidaita hasken da na ɗakin da kake. Likitocin ido suna da wata ƙa'ida mai sauƙin riƙewa, duk minti 20 ka ɗaga kai ka kalli abu mai nisan ƙafa 20 na daƙiƙa 20. Batir kuma sikirin ne yake shanye shi, idan ka rage haske ka kashe waifai tab mai 5100mAh za ta kai ka yini kana karatu. Abin da yake kashe batir da wuri zafi ne, kar a bar ta a mota a rufe a watan Afrilu, kar a sa ta caji a ƙarƙashin filo, lokacin hunturu kuma a riƙa duba bakin cajin saboda ƙura tana toshe shi har mutum ya zaci caja ce ta mutu. Ka sa mata gilashin kariya da riga mai murfi tun ranar farko, ka nemi mai naɗewa ta zama matokari, musamman ga masu inci 11 ɗin nan.

Wani abu kuma game da inda littattafan suke zaune. Masu karatun nobel za su tuna OkadaBooks, dandalin Najeriya da marubutan Hausa da dama suka sayar da littattafansu a kai, wanda ya rufe a ƙarshen Nuwamban 2023. Littafin da ka saya a cikin manhajar wani kamfani yana nan ne muddin kamfanin yana nan, haka abin yake har a Kindle, yawancin littattafansu a kulle suke da akawun ɗinka. Ba cewa nake kar a saya ba, a saya mana, marubutan nan da guminsu suke rubutawa kuma masu yaɗa littafin kuɗi a guruf kyauta haƙƙi suke ɗauka. Amma duk abin da ka mallaka a matsayin fayil, handawut ne, littafin da marubuciya ta turo miki bayan kin biya ne, tsofaffin littattafan Project Gutenberg da Internet Archive ne, ka tara su a folda ɗaya a mimori kad maimakon ka bar su a cikin WhatsApp inda canjin waya ɗaya zai tafi da su, ka sa musu suna mai ma'ana ba DOC-2024 kaza kaza ba, sannan ka ajiye kwafi a Google Drive, giga 15 suke bayarwa kyauta kuma littattafai ba za su cika shi da wuri ba. Mai kwamfuta ya sa Calibre, kyauta ce, tana jera littattafai kuma tana mayar da fayil ɗin Word ya koma EPUB, wanda ya fi daɗin karantawa a ƙaramar tab sosai.